Gahawar da Ban Sha Ba

Alexandria, Virginia
Oktoba

Zuwa ga Yayata, Hajiya Sailuba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina addu'ar wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Sadiyya ta ce da kuka yi waya kin gaya mata kumburin ya sauka, to Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ki rage tsayuwar nan a kan tukunya alhali gida cike da 'yan mata, ko da yake na san ba ji za ki yi ba. Mu nan duk muna lafiya. Sanyi ya fara leƙowa, ganyen bishiyoyi sun yi ja suna zuba, Baban Sadiyya kuwa ya riga kowa fito da manyan rigunansa kamar yadda ya saba. Ni kuma ina nan ina fama da aikin asibiti. Na zauna na rubuta miki da hannu ne, zan ɗauki hotonta in turo, domin in na fara wannan magana a waya za ki katse ni da dariya tun ban kai rabi ba. Ni kuwa har yanzu na kasa gane ko abin dariya ne ko na kuka.

Kin san maganar ɗanki, yayan Sadiyya, da yarinyar nan Amra da suke aiki wuri ɗaya. Na gaya miki musulma ce, 'yar asalin ƙasar Bosniya, iyayenta sun shigo da ita nan tana goye lokacin yaƙin ƙasarsu, mahaifinta kuma Allah ya yi masa rasuwa. Yarinya ce mai hankali, har "ina wuni" ta koya don ni, kuma ba ta taɓa shigo mini gida da takalmi ba. Mahaifiyarta ta ce ita ba ta da ta cewa, maganar aure tana hannun kakar yarinyar ta wajen uba, wata tsohuwa Nana Hajra, wadda ta koma gidanta bayan yaƙi ta ce ba ta ƙara barinsa sai zuwa kabari. Baban Sadiyya ya ce shi dai bai taɓa jin inda uba ya je nema wa ɗansa aure da bakinsa ba, wannan aikin yayansa ne, Baffa Dabo. Baffa Dabo kuma yana Zariya, maganar biza ta ƙi. Sai aka ce to ni da Sadiyya mu raka yaron a je a gaida tsohuwa. Yaya, abin da aka faɗa mini ke nan, gaisuwa. Na ɗauka za mu je mu gaisa, mu ga gari, mu dawo, in manya sun shirya su yi nasu. Na haɗa tsarabata ta atamfa da turaren wuta da dabino, da farin goro mai kyau da na samo a wani shago a garin Lanham da ke nan kusa da mu.

Garin sunansa Počitelj, haka suke rubuta shi, ni dai Facital nake cewa yara suna yi mini dariya. Tun daga titi na ɗaga kai na ce wa Sadiyya ina garin yake, ta nuna mini dutse. Wallahi Yaya gari ne aka manna a jikin tsauni, gida a kan gida, bango dutse, hanya dutse, wasu rufin ma falalen dutse ne. Can a ƙololuwa ga ganuwa da wata tsohuwar hasumiya ta masu gadi, a ƙasa kuma ga kogi kore shar yana wucewa. An ce tun kafin zuwan Turawa ƙasarmu da ɗaruruwan shekaru garin yake, daga baya Daular Usmaniyya ta riƙe shi, ba tamu ta Sakkwato ba, ta Turkawa, su suka bar masallaci da makaranta da gidan wanka da wata doguwar hasumiyar agogo. Mota ba ta hawa. Ni da rabona da matakala tun da muka koma wannan dogon bene mai lif, sai ga ni da leshi da mayafi da jaka ina hawan dutse mai santsi cikin rana. Ga mata zaune gefen hanya suna sayar da ruwan rumman da busasshen ɓaure, kowacce na tsaya in huta a gabanta sai ta ɗauka ciniki na zo yi. Kafin mu kai tsakiyar gari na sayi abin da ban san me zan yi da shi ba, don kunya kawai.

Tun a hanyar nan kaina ya fara ɗaurewa. Ga Turawa jajur masu shuɗin ido, ga tsofaffinsu da ɗankwali suna yi mini sallama tiryan-tiryan. A wata maƙabarta na hango fararen rawuna a tsaitsaye cikin ciyawa, har na gyara mayafi zan gaida malamai, ashe duwatsun kaburbura ne aka sassaƙa musu kai kamar rawani. Ana kiran azahar muka shiga masallacin, wanda aka ce an lalata shi a yaƙi aka sake gyarawa. Na yi salla kusa da wata tsohuwa da ba mu jin yaren juna, muna idarwa ta kama hannuna ta shafa. A nan zuciyata ta kwanta, na ce ashe gida na zo. Ina jin wannan tunanin ne ya ja mini, domin da na ci gaba da jin kaina baƙuwa da na riƙa tambaya kafin in yi komai.

Gidan Nana Hajra yana can kusa da sama. Mun tuɓe takalma a bakin ƙofa, aka shigar da mu wani ɗaki mai rufin katako da aka yi wa zane, da dogon wurin zama mai matasai da ya zagaye bango, taga kuma tana kallon kogi. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, busasshiya, amma idonta in ta kafa miki sai kin gyara zama, irin na Gwaggo Yalwa. Akwai ɗanta, wato baffan Amra, sanye da kwat cikin wannan zafi, da wasu dattawa biyu da su ma suka ci ado. Da na ga kwat ɗin nan ya kamata in farga, amma sai na ce ƙila haka suke karɓar baƙi. Tsohuwa ba ta jin Turanci, don haka Amra ce ke fassara. Na miƙa tsaraba, ta buɗe komai a gabana tana shafawa. Da ta zo kan goro ta tambayi mene ne, na ce abin girmama manya ne a wurinmu, babu wani alheri da ake ƙullawa ba da shi ba. Yaya, sai matar nan ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta gatsa da sauran haƙoranta. Na ga fuskarta ta tattare, idonta ya kawo ruwa, amma ta tauna ta haɗiye, ta ɗaga mini kai. Na ce a raina alhamdulillahi, an karɓi goro an ci, sauran magana ta maza ce.

Daga nan ta juyo ta ce in ba ta labarin ɗana. Wai wane irin mutum ne, me na sani na alheri a halinsa, yaya yake da ni. A gabansa fa, Yaya, yana zaune, ga surukai maza, ga yarinyar da zai aura ita ce ma mai fassara. Ɗan fari! Ke kin san tun da na haife shi ban taɓa yabonsa a gaban mutum ba, ke kika yaye shi, ke kika yi masa rawa ranar da ya sauke izu na farko ina ɗaki na rufe ƙofa. Na sunkuyar da kai na ce yaro ne dai, yana nan, Allah ya shirya shi. Amra ta tsaya tana kallona kamar tana jiran sauran, da ta ga babu sai ta fassara. Tsohuwa ta sake tambaya ta wata hanyar, na ce ni ba zan iya cewa komai a kansa ba, sai dai a tambayi wasu. Sai ta ce to sunan nasa fa, ta ji suna ne mai daɗi, in faɗa mata yadda ake kiransa daidai a bakin uwarsa, don jikarta tana murɗe shi irin na Amurka. Sunan da ban taɓa furtawa ba, ga shi ɗan fari ga shi sunan surukina. Na ja mayafi na rufe baki na kalli tabarma. Sadiyya ta faɗa a madadina, tsohuwa ba ta ko kalle ta ba.

Ana cikin haka Amra ta tashi ta shigo da faranti, da 'yar butar tagulla mai dogon mariƙi, da ƙananan finjalai marasa hannu, da ƙwayoyin sukari. Gahawa ce, ƙamshinta ya cika ɗakin. Ni ta fara zuba wa, ta miƙo da hannu biyu. Na karɓa na ajiye a gabana na ce alhamdulillahi, na gode. To wa ya taɓa ganin uwar miji ta je gidan surukai ranar farko ta buɗe baki tana kurɓa ana kallonta? Jira nake su yi abin da kowane mai gida yake yi, su ajiye su ba mu wuri, in sun fita in ɗan taɓa don kada a ce na raina. Ba wanda ya motsa. Kowa ya riƙe finjalinsa ya zuba mini ido. Baffan ya yi mini nuni da hannu, na ce a ƙoshe nake. Tsohuwa ta tura mini sukari, na sa tafin hannu na rufe bakin finjalin. Sadiyya ta mintsine ni, na harare ta, don na ɗauka so take in ba ta izini ta sha. Na saci kallon ɗanki na ga shi ma bai taɓa nasa ba, har na ji daɗi, na ce ashe duk zaman Amurka bai cinye masa kunya ba. Haka muka zauna, su suna jirana ni ina jiransu, har tururin ya daina tashi. Daga ƙarshe tsohuwa ta miƙe da kanta ta tattara finjalan a cike ta fita da su.

Da za mu tafi ta cika mini jaka da rumman na bishiyar gidanta, ta kama fuskata da hannu biyu, ta yi wata doguwar magana tana hawaye. Na waiwaya neman Amra ta fassara, babu ita. Ni ma sai na yi hawaye, na ce amin, amin, don na ɗauka albarka take sa wa auren. Muka kamo gangara ina ta murna, har ina ce wa Sadiyya mutanen nan sun san darajar baƙo. Ɗanki yana gaba bai waiwayo ba. Sai da muka zo wajen hasumiyar agogon nan Sadiyya ta tsaya ta fashe da Turanci, tana yi tana kuka, wai na kashe wa yayanta aure. Ashe a gidansu Amra wannan zaman shi ne neman auren, masu kwat ɗin nan shaidu ne, gahawar nan kuma ita ce amsa. In uwar yaro ta sha, kowa ya sha, magana ta ƙullu. In ta bar ta ta huce, to ta ga yarinya da danginta ba su yi mata ba. Na ce to goron da aka ci fa? Ta ce goro a Zariya yake aiki. Na ce me ya sa ba wanda ya gaya mini? Ɗanki ya ce shi bai taɓa zaton sai an koya wa mutum shan gahawa ba. Nan na zauna a kan dutse. Na ce mu koma in shanye butar duka, aka kira baffan Amra a waya ya ce tsohuwa ta kwanta. Washegari ma ya ce ta ce kada in wahalar da gwiwata, ta fahimta. Haka muka hawo jirgi, Amra kuma ta zauna a can.

Makonni muka yi a nan gida kamar an yi rasuwa. Sai makon jiya Amra ta dawo, ta zo har gida ta same ni, ta rame. A bakinta na ji abin da tsohuwa ta faɗa ranar da ta riƙe fuskata. Wai godiya take yi mini. Ta ce ta ga uwa mai tsoron Allah, wadda ta san wani mugun abu a halin ɗanta, ba za ta iya tona masa asiri ba kuma ba za ta iya yin ƙarya ta cuci marainiya ba, shi ya sa ta kasa yabonsa, ta kasa ko kiran sunansa, ta ƙi shan gahawa. Yaya, ni kuma ina ta cewa amin! Yaron da tun da ya fara aiki bai taɓa bari na hau jirgin ƙasa zuwa asibiti ranar dusar ƙanƙara ba, shi na je na shafa wa baƙin fenti a ƙasar mutane da kyakkyawar tarbiyyata. Amra ta ce ta yi ta yi wa kakarta bayanin kunyar ɗan fari kamar yadda Sadiyya ta koya mata. Tsohuwa ta ce ita a tsawon rayuwarta ba ta taɓa jin son da ke ɗaure harshe ba, amma duniya da faɗi. Ta ce in haka ne, ranar Lahadi mai zuwa a haɗa mu a waya ta bidiyo, ita da gahawarta a can ni da tawa a nan, in kalle ta in kira sunan ɗana, in faɗi abin da na sani na alherinsa, sannan mu sha. In na yi, ta ba shi. In ban yi ba, ta san abin da ta gani da idonta.

Tun daga ranar kowa da abin da yake gaya mini. Baban Sadiyya ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce addini bai hana ba, amma wannan maganar mata ce, kada in sa shi a ciki. Hajiya Tayyiba ta Lanham, wadda ta riga ta fara zancen anko, ta ce in na yi haka na zubar da girmana, gobe surukar ce za ta ce in kira ta Anti. Fatouma maƙwabciyata 'yar Nijar ta ce ita ba ta ga abin wahala ba, in rufe ido in faɗa kamar shan magani. Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da shi yaron ya faɗa. Ya ɗauko ni daga aiki, muna cikin cunkoson motoci, sai ya yi mini magana da Hausa, shi da kullum in na yi masa Hausa da Turanci yake amsawa. Ya ce kada in takura kaina, ya san al'ada ce, ke kika yi masa bayani tun yana yaro da ya zo hutu ya tambaye ki ko ni ce na haife shi. Yaya, ba ki taɓa gaya mini ya yi wannan tambayar ba. Ya ce amma ranar nan a ɗakin tsohuwa, da aka ce in faɗi halinsa, sai ya samu kansa ya kasa kunne, shi ma yana so ya ji. A haka muka iso gida. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa da wa zan yi fushi. Innarmu haka ta yi wa Yaya Sani, ɗanta na fari, har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya kai shi sanin tana sonsa. To shi wa ya gaya masa? Ko don shi yana da gari guda na masu gaya masa, nawa kuwa ya tashi a bene tsakanin Turawa, inda kowace uwa take tsayawa bakin filin ƙwallo tana ƙwala kiran sunan ɗanta?

Jiya Asabar ya zo cin abincin rana, yana falo shi da babansa suna kallon ƙwallo, ni ina kicin ina kwashe tuwon shinkafa. Na ce bari in gwada tun da ba mai ganina. Na buɗe baki sau biyu iska kawai ta fito. A na uku na rufe ido na kira shi, da sunansa na yanka, kuma ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Sai na ji an ture tebur. Ya faɗo kicin a guje da waya a hannu zai kira motar asibiti, yana tambayata ina ne ke mini ciwo, ko ƙirjina ne, in zauna. Babansa na biye da shi ba hula, shi kuma ya ji an ambaci sunan mahaifinsa ya ɗauka saƙon mutuwa ne daga gida. Na ce ba abin da ya same ni, abinci ne ya sauka. Baban ya kalle ni, ya kalle shi, ya juya ya koma falo. Shi kuwa ya tsaya da wayar a hannu, ƙaton mutum mai gemu, ya ce in sake faɗa. Na kasa, Yaya. Na miƙa masa kwano na juya ina goge murhun da ba abin da ya zuba a kansa. A tsaye ya ci tuwon nan a bayana, ina jin yana jan hanci, ni ma ban juyo ba.

To kin ji inda nake. Sau ɗaya ke nan, kuma daga ni sai tukunya. Lahadi mai zuwa a gaban tsohuwa ne da masu kwat, kuma ba suna kaɗai ba, har da yabo. Ban san ko in na yi na saɓa wa tarbiyyar Inna ba, ban kuma san ko shekarun nan duk da na yi ina kawar da kai wani abu na tauye wa yaron ba. Don Allah ki yi mini abu biyu. Kada ki bari Baffa Dabo ya ji wannan labari tukuna, in ya tambaya ki ce an je an gaisa lafiya, kuma a dakata da sayen kayan lefe. Na biyu, ki turo mini saƙon murya ki faɗi irin abin da uwa take cewa in tana yabon ɗanta, ke da kika saba, in saurara in ji yadda ake jera shi. Halinsa na san shi sarai, bakin faɗa ne ba ni da shi. Ki kuma sa mu a addu'a, Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya ba yaran nan zaman lafiya in rabonsu ne.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, da Yaya Sani da iyalinsa, da Gwaggo Yalwa, ki ce mata na ga mai irin idonta a ƙasar Turawa. Ki gaida Ikrama da amaryarsa, da duk yaran gida. Baban Sadiyya yana gaishe ku, Sadiyya ma tana gaida Ummanta, ta ce saura ke ki zo ki hau dutsen. Ɗanki yana gaishe ki. Ya ce yau ma zai zo cin abinci, ga shi can ya iso tun kafin in ɗora tukunya, kuma ina shiga kicin na ji ya rage ƙarar talabijin.

Allah ya sada mu da alheri, ya bar zumunci.

Taki ƙanwa,
Rahmatu